Mun kalli 'Sangaya' a kan duwatsun Bajiniya

Duk mai bibiyar finafinan Amurka ya san wannan doguwar motar mai kama da bas, wadda a cikin ta akwai gado da kicin da banɗaki. Turawa na kiran ta RV, ni kuwa motar kwana na ke ce mata. Akwai ma fim guda da aka raɗa wa sunan ta, wato RV, wanda ya fito a 2006, Barry Sonnenfeld ya ba da umarni, marigayi Robin Williams ya ja ragama. Labarin wani magidanci ne da ya yi wa iyalin sa alƙawarin hutu a Hawai, sai aiki ya taso masa, ya yi dabara ya yi hayar wannan mota ya kwashe su zuwa Kolorado ba tare da ya gaya masu gaskiyar dalili ba. Fim ne na ban dariya, amma abin da ya tsaya mani a rai shi ne farkon sa, inda kowa a gidan ke harkar gaban sa, uba da 'ya'ya kamar 'yan haya.

Wallahi gida na ya fara zama haka. Mu na zaune a jihar Merilan, yara uku, duk a nan aka haife su. Babbar ɗiya ta na jin Hausa amma da Turanci ta ke amsawa, na tsakiya sai ka maimaita sau biyu, autan kuwa daga "sannu" sai "na ƙoshi". Da daddare kowa na ɗakin sa da waya a hannu. Uwargida ce ta kawo shawarar mu fita, ta ce, "Abban yara, mu je inda wayar nan ba ta aiki ko na kwana biyu ne."

A ƙarshen Satumbar 2024 mu ka yi hayar matsakaiciyar mota, irin wadda lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa, mu ka nufi gandun dajin Shenandowa a jihar Bajiniya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An kafa wannan gandu a 1935, kuma titi ɗaya ne ya ratsa shi a kan ƙoƙuwar duwatsu, Skyline Drive, mai tsawon mil 105. Ba a wuce gudun mil 35 a awa. Ga mai motar kwana, abin da ya fi muhimmanci shi ne wata hanya da aka fasa ta cikin dutse wajen mil na 32, domin tsayin ta ƙafa 12 ne da inci 8 kacal. Tun a wurin haya na sa aka rubuta mani tsayin motar mu, amma duk da haka da mu ka tunkari ramin sai da kowa ya sunkuyar da kai, har da uwargida da ke ta salati, kamar sunkuyawar mu ce za ta rage wa motar tsawo.

Zangon mu shi ne Big Meadows, wajen mil na 51. Kowane iyali da filin sa mai lamba, da teburin katako da murhun ƙarfe. Babu wutar lantarki da za ka jona wa mota, sai batir da janareto, shi ma janareton ya na da lokutan da aka yarda a kunna, kuma daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya. Barewa na yawo tsakanin motoci kamar awakin unguwa. Akwai kuma baƙar beyar a dajin, shi ya sa doka ta hana barin abinci a waje, ko da ragowar ƙashin kaza ne. Sabis ɗin waya kuwa sai dai ya leƙo ya koma.

Daren farko bai yi daɗi ba, gaskiya. Sanyi ya sauko, yara na ta ƙunƙuni, na tsakiya ya na zagaye motar da waya a sama ya na neman sabis. Mutum biyar a wurin da bai kai zauren gidan mu na Kano ba, idan ɗaya ya juya a gado duk motar sai ta girgiza. A fim ana nuna maka dutse da faɗuwar rana, ba a nuna maka layin alwala a banɗakin da ko durƙusawa ba ka iya yi da kyau.

Ranar Asabar mu ka gangara wurin faɗuwar ruwa na Dark Hollow, mu ka dawo da ƙyar don hawan ya fi saukar wuya, na gasa kaji da yajin ƙuli. Wasu tsofaffin Turawa maƙwabtan mu su ka ga mun yi sahu mun fuskanci arewa maso gabas, inda alƙibla ta ke daga can, bayan mun idar su ka zo da tambayoyi, su ka tafi da cinyar kaza biyu.

To, bayan isha'i ne uwargida ta fito da kwamfutar ta, wadda ta cika da caji tun daga gida, ta ce yau fim ɗin Hausa za a kalla. Ta fara da marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Disambar 2014. Jama'a, autan nan da ba ya haɗa jimla ɗaya da Hausa, dariya ya ke har da faɗowa daga kan gado! Ibro ba ya buƙatar tafinta, idon sa da tafiyar sa sun isa. Daga nan ta sa Sangaya na kamfanin Sarauniya, Ali Nuhu da Fati Mohammed, labarin ɗan sarki da yarinyar da ke aikatau a gidan su.

Hoton ya dushe, sautin na shiga ya na fita, kuma na san matasan yau za su ce kayan aikin wancan zamani ba su kai ba. Ban musa ba. Amma a zamanin da fim ɗin ya fito, kaset guda ake ɗaukowa haya a shago, a fito da talbijin tsakar gida, maƙwabta su cika tabarma, wannan ya yi sharhi, wancan ya ce a yi shiru, idan aka ɗauke wuta a yi ta tsaki tare. Rabin daɗin fim ɗin a bakin 'yan kallo ya ke. Abin da ya dawo mana ke nan a cikin motar, don ba inda mutum zai gudu. Babbar ta riƙa tsayar da fim ɗin ta na tambaya: "Abba, me ya sa ta ke durƙusawa in za ta yi magana? Mene ne yarima? Me ya sa sai an yi waƙa?" Maman su na amsawa da Hausa, ita kuma, ba ta ma lura ba, ta fara mayar da tambayar da Hausa, da karyayyen harshen ta. Batir ya mutu saura kaɗan a gama, sai uwargida ta ƙarasa masu labarin da baki a cikin duhu, kamar tatsuniya.

Kada wani ya ɗauka motar kwana duk shaƙatawa ce a Amurka. Wanda ya kalli Nomadland na 2020, wanda ya ci kyautar Oska ta gwarzon fim a 2021, ya ga tsofaffin da rashin aiki ya mayar da ƙaramar mota gidan su na dindindin. Mu kwana biyu mu ka yi, da kuɗin mu, da gidan komawa.

Ranar Lahadi na zubar da tankin bahaya a wurin da aka tanada, aikin da ba wanda ya taya ni, mu ka kama hanya. Mu na saukowa daga dutsen wayoyi su ka fara ƙara. Na tsakiya ya koma wasan sa nan take. Babbar kuwa sunan Ali Nuhu ta nema, ta ga an naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, ta miƙo wa maman ta hoton ta na cewa, "Mama, wai wannan ne yariman jiya?"