Riga Ba Ta Girma Da Mai Ita

Kowace shekara in hutu ya ƙare, 'yan makaranta suka komo, akwai wani abu da kan faru wanda ba a rubuta shi cikin rajista. Yarinya ta buɗe akwati ta ɗauko rigar da aka ɗinka mata bara, ta sa, sai ta ga abin da a da ya ke sauka ƙasan gwiwa yau ya ɗangale. Riga ba ta yi laifi ba, mai riga ma haka. Auduga ta kan ɗan tsuke in ta sha wanki, mutum kuwa tsawo ya ke yi. Likitoci sun auna, sun ga yarinya wajen shekara 11 zuwa 12 tana iya ƙara kamar inci 3 cikin shekara guda. Na yaro ya kan zo daga baya, wajen shekara 13 zuwa 14, ya yi kusan inci 4. To, wane uba ne aljihunsa zai iya tsere da wannan?

Mu da muka zauna bisa bencin da ku ke zaune yau, mun san abin da inci ukun nan ke yi wa zuciyar yaro. Mun ga yarinya mai ƙwazo ta koma bayan aji, malam ya yi tambaya, ta san amsa sarai, amma ta sunkuyar da kai don kada a ce ta fito gaban allo. Mun ga wadda ta ke tafiya tana jan bakin riga ƙasa, sai ka ce ja zai sa ta miƙe. Wata ma ta ce zazzaɓi ta ke yi, ta kwana uku a gida, alhali kuwa ba abin da ke damunta sai dariyar ƙawaye. Wasu su kan ruga aro, amma Hausawa sun riga sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara. Saboda haka mu ke so mu gaya muku yadda hannunku zai fid da ku kunya.

Da fari a juya rigar a duba kalmasa. In tela ya naɗe yadi da yawa a ciki, an huta. A sa bakin allura ko reza a warware ɗinkin sannu sannu, kada a fizge zaren a yaga riga. Sa'an nan a yayyafa ruwa bisa karin, a ɗora wani ƙyalle mai laima, a bi da dutsen guga mai zafi har ya kwanta. In rigar ta sha wanki da rana, tsohon karin zai bar zane wanda guga ba ta iya shafewa. Kada wannan ya dame ku. A bi kansa da layin ɗinki na zare mai launi, wanda ya gani sai ya ce ado ne aka yi da gangan.

In kuwa an warware duka aka ga ba sauran abin da za a sake naɗewa, sai a yi mata shafi. Watau a yanko wani ƙyalle mai faɗin inci 2 ko 3, a haɗa shi da bakin rigar, a juya shi ciki a kama. Shi zai zama kalmasa, yadin rigar kuwa duk ya sauko waje. In bakin rigar mai zagaye ne, a yanka ƙyallen a karkace, ba bisa tsawon zare ba, don ya yarda ya bi lanƙwasa.

Hanya ta uku ita ce ƙari sosai, a ɗora wani yadi a ƙasa. Nan ne a ke gane mai hankali. Sai an wanke sabon yadin tukuna, gama in ba haka ba, ran wankin farko zai tsuke ya tattare rigar, ko kuwa ya zuba ya ɓata ta. Kada a haɗa mai kauri da marar kauri. Kada kuma a wahala neman launi iri ɗaya, don sabo da tsoho ba su sajewa. Gara a zaɓi wanda ya bambanta sarai, a sa ɗan kaɗan nasa a wuya ko a hannu, su yi 'yan'uwa. Wajen awo, mai riga ta tsaya sosai, wata ta riƙa aunawa daga ƙasa zuwa sama, kewaye, don kada gaba ya fi baya. Amma in rigar makaranta ce, a tambayi malama kafin a sa almakashi.

Wani zai ce, ai ƙari alamar rashi ce. Mu dai ba mu ga haka ba. Ku dubi babbar riga ta saƙi da sarakuna ke sawa. Masaƙa siriri su ke saƙa ta, faɗin 'yan yatsu, maɗinki ya yi ta jerawa yana haɗawa har ta zama riga. Ashe tufar da ta fi kowace daraja a ƙasarmu duk haɗi ce. Irin wannan tufa ce Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya tarar a Kano cikin 1851, ya ba da labarin ana kai ta har Tambutu da Tarabulus.

Turawa ma da su ke da masaƙun inji sun taɓa ɗanɗana wannan. Lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, daga 1941 har 1949, ba a sayen tufa a Ingila sai da tikitin gwamnati. Da fari kowane babba 66 a ke ba shi a shekara, rigar mace ta ulu kuwa ita kaɗai ta kan ci 11, daga baya ma aka rage rabon. Cikin 1943 gwamnati ta buga ɗan littafi tana koya wa mata gyaran tsofaffin tufafi. Har Gimbiya Elizabeth, da za ta yi aure cikin 1947, da tikiti aka sayi yadin rigarta.

Yanzu ga kayan gwanjo ko'ina cikin kasuwa, har yara suna ganin in riga ta gaza sai a yar. Amma kuɗin da za a sake wata, da shi za a sayi littafi da alƙalami, ko a ƙara cefane. Uwar da ta ga 'yarta ta zauna da allura maimakon ta zo da kuka, ta san ba a banza ta sa ta makaranta ba. Ku samari kuma kada ku ce wannan zancen mata ne, gama a ƙasar Hausa tun da can ɗinkin riga da aikin wuya sana'ar maza ce, wando kuwa shi ma yana ɗangalewa.

Saura magana ɗaya. Ran da za a yanka muku sabuwa, ku roƙi tela ya bar inci 4 cikin kalmasa, ku kuma karɓi guntayen yadin ku ajiye a ƙasan akwati, rigakafi ya fi magani. Wanda kuma Allah ya hore wa iyayensa, in ya ga ƙari a rigar ɗan'uwansa, ya kama bakinsa, gama bai san hannun da ya kwana yana ɗinkin nan a gaban fitila ba. Allah ya suturta mu baki ɗaya, amin.