Tafiyar Bokiti Guda a Damagaram

Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ruwanta daga nesa ake jawo shi. Idan bazara ta tsananta, famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai a koma ga jarkar lita 25 ta 'yan ga-ruwa.

A unguwar Birni akwai wata dattijuwa da ba ta yarda ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi ba. In ta wanke gero, ƙasarin na tumaki ne. Tukunya sai ta sha toka kafin ta ga ruwa. A wanki ta fi tsauri: fararen kaya su fara shiga, masu launi su biyo, tsummoki a ƙarshe, ruwan ɗauraya kuma ya zama na saɓa wankin gaba. Maƙwabta na kiran wannan rowa, alhali wurinta suke zuwa aro.

Ranar da amaryar ɗanta, wadda ta tashi a Yamai bakin kogi, ta sheƙar da ruwan ɗauraya a rariya, dattijuwar ba ta yi faɗa ba. Jarka ta miƙa mata, ta ce, "'Yata, gobe da asuba ke za ki bi layin famfo."