Ruwan da ke ƙarƙashin Gwandu

Uwargida, in kin taso daga Kalgo kin ratsa Birnin Kebbi za ki Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ki lura da tuddan nan masu jan dutse. Daga irinsa maƙeran da suke samun tama, su narka, su ƙera fartanya. Can ƙarƙashi kuwa akwai yashi mai riƙe ruwa, har masana suka raɗa masa sunan Gwandu. A wasu wurare masu kwari, in an haƙa burtsatse, ruwan da kansa yake ɓulɓulowa. Duk da haka, da rani na tarar da 'yan mata da jarkoki sun yi layi a famfo ɗaya, an daɗe da shiga aji. Ki riƙo wa yaranki ruwansu tun daga gida.