Ina Ruwan Zai Kwana?

Duk saƙon da mai sauraro ya turo mini ta WhatsApp daga Nima ko Maamobi, sai ya ratsa wani katafaren gida cike da kwamfutoci, wato cibiyar adana bayanai. Babban abokin gabar injinan nan zafi ne. Da fanka da iyakwandishan aka saba sanyaya su, amma na zamani sun fara fin ƙarfin iska. Shi ya sa wasu kamfanoni ke tsoma kwamfutar tsundum cikin wani ruwa mai kama da mai, wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa. Ruwan ya tsotse zafin, famfo ya fitar da shi ya huce, ya dawo. A 2021 Microsoft ya nuna wani irinsa a Amurka, mai tafasa a digiri 50.

Dabarar ta burge ni, domin tana rage cin wuta, kuma wanda ya sha dumsor ya san darajar wuta. Ba baƙuwa ba ce ma: taransifomar bakin layinmu cikin mai take zaune.

Sai dai ni ɗan Zango ne, kuma mun san inda inji ke zuwa idan ya mutu. Shekara da shekaru matasa, akasarinsu daga arewacin Ghana, suna ƙona wayoyi a Agbogbloshie don cire jan ƙarfe, hayaƙin na turnuƙe gaɓar kogin Odaw. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da BAN sun gano guba mai yawa a ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. A Yulin 2021 hukuma ta rushe filin, sana'ar kuwa ta watsu cikin unguwanni.

Wasu daga cikin ruwan sanyayar nan na ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum. Kamfanin 3M da kansa ya sanar a 2022 cewa zai daina yin su. To, ranar da tankunan suka tsufa, wa zai tsiyaye su? A wace kwata?

Ghana ta kafa dokar sharar lantarki mai lamba 917 a 2016. Tun ran gini ran zane: kafin a bar kowane kamfani ya shigo da tankinsa Accra, a sa shi ya rubuta inda ruwan zai kwana, da wanda zai biya kuɗin kwashe shi. Yaron da ke fasa ƙarafa da guduma ba shi da safar hannu, balle lauya.