Abin da Tomcat Ya Koya Mini a Ranar Ƙaura

Manhajar da aka rubuta da Java ba ta cika riƙe adireshin rumbun takardu a jikinta ba. Suna kawai take riƙewa, irin java:comp/env/jcr/repository, ta miƙa wa saba ta ce a nemo mata, ta hanyar tsarin da ake kira JNDI. Kamar baƙo ne ya shigo unguwa da sunan mai gida a baki, sai an samu wanda zai nuna masa ƙofa. A ofishin da nake aiki, rumbunmu Apache Jackrabbit ne, mai bin ƙa'idar JCR da ta fito a 2005 aka sabunta ta a 2009, sabarmu kuwa Tomcat. A ciki muke ajiye wasiƙu, takardun ɗaukar aiki da na fansho.

Ranar da muka ƙaura zuwa sabuwar na'ura, manhajarmu ta ƙi tashi. Gabana ya faɗi, domin na hango wani dattijo zaune a benci a bakin ofishin rajista, riƙe da leda mai takardu, tun daga ƙauye ya taso. Hannuna ya fara rawa a kan madannai. Abin da zuciyata ke raya mini shi ne in kwafi duk wani fayil da na gani in zuba ko'ina, ko Allah zai sa a dace.

Babban ma'aikacinmu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. "Ƙanena, kada ka taɓa komai tukuna. Buɗe catalina.out ka karanta mini inda ta tsaya." Na ce, "Malam, NameNotFoundException ne." Ya ce, "To rumbun lafiyarsa ƙalau. Ba a kai gare shi ba ma."

Maganar nan ta sauke mini nauyi. An bayyana rumbun a server.xml, cikin GlobalNamingResources, tare da BindableRepositoryFactory da inda repository.xml yake da foldar ajiya. Amma Tomcat ba ya barin manhaja ta ga abin da ke can sai an haɗa ta da shi da ResourceLink a context.xml nata, kuma wannan layin ne bai biyo ƙaurar ba. Muka saka shi, muka tabbatar sunan ya yi daidai da na resource-ref a web.xml, harafi da harafi.

Sai ga ClassCastException. Wannan ce ta fi ɗaure mini kai, har yau kuma ita nake fara koya wa matasan da ke zuwa koyon aiki. Saba ta nemo rumbun, ta miƙo shi, manhaja ta ce ba ta yarda cewa javax.jcr.Repository ba ne, alhali shi ɗin ne. Dalili kuwa: jcr-2.0.jar yana wuri biyu, ɗaya a foldar lib ta Tomcat, ɗaya a WEB-INF/lib ta manhajar. A wurin Java, aji ɗaya da aka loda ta hanyoyi biyu ya zama aji biyu dabam, ko da kowane harafi nasu iri ɗaya ne. Tomcat kuma yakan fifita abin da manhaja ta zo da shi a kan nasa. Da na bi son zuciyata na yi ta kwafe-kwafe, da wannan matsalar na ƙara wa ƙarfi. Maganinta cirewa ne: muka goge kwafin da ke cikin manhajar, muka bar na saba shi kaɗai.

Matsala ta uku ba ta ɗauke mu lokaci ba. Wata tsohuwar manhaja da ke ɗauke da nata Jackrabbit ta riga ta buɗe foldar ajiyar ta kulle fayil ɗin .lock, Jackrabbit kuwa ba ya yarda biyu su buɗe gida ɗaya. Muka sauke ta, muka sake tayar da saba. Kafin la'asar dattijon ya karɓi takardarsa.

Abin da ya sauya a kaina tun ranar shi ne yadda nake kallon saƙon kuskure. Da ina ganinsa a matsayin tonon asiri a gaban oga, yanzu ina karanta shi a natse har layin ƙarshe, domin yana faɗin matakin da aka kai. Na rubuta wani ɗan shafi na gwaji da ke jero duk sunayen da ke ƙarƙashin java:comp/env, kuma shi nake fara buɗewa bayan kowace ƙaura. Na kuma ajiye takarda ɗaya a foldar aikin, mai nuna fayiloli ukun da sunan ke ratsawa da wurin da kowane jar ya kamata ya zauna, saboda wanda zai gaji kujerata.