Facin Da Na Yi Wa Takunkumin Kawu

Sana'ata faci ce. A Maradi na koye ta, na yi ta a Agadez da Arlit, har abinci ya kawo ni In Amguel, wani ɗan gari na ƙasar Aljeriya a bakin babban titin da ya ratsa Sahara, kimanin kilomita 130 arewa da Tamanrasset. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga ni zuwa da daɗewa. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin In Salah da In Guezzam, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya buɗe shagon tireda, ni kuma na kafa rumfata kusa da shi.

Abu ɗaya mai faci ya sani: iska ba ta fita sai da ɓaraka. Ka tsoma tub a ruwa, inda kumfa ta taso nan matsalar take, ka kankare, ka shafa sholisho, ka liƙe. Da wannan ilimin na tunkari takunkumin numfashin Kawu, kuma saura ƙiris in yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Minsharin Kawu ba ɓoyayye ba ne, direbobin da suka taɓa kwana kusa da shi a tasha har yau suna ba da labari. Amma Inna, matarsa, cewa take ƙarar ba ta dame ta ba, shirun da ke biyo baya ne ke hana ta barci. Sai ya ɗauke wuta ɗif, ƙirji na motsi babu abin da ke shiga, can kuma ya zabura da gurnani ya ja iska. Da rana yana cikin ba mutum canji sai ka ga ya fara gyangyaɗi. Hawan jininsa kuma ya ƙi jin magani. Daga ƙarshe aka tura shi arewa, tafiyar da ta kusa kilomita dubu biyu, ya kwana a asibiti da wayoyi a jiki ana auna barcinsa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro da harshe da ganɗa sukan saki. A wurin wasu, musamman mai jiki ko mai kaurin wuya, sakin yakan kai hanyar iska ta rufe. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zabure shi ya buɗe maƙogwaro, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci na ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Idan ta faru sau 5 zuwa 15 a awa guda, ciwon mai sauƙi ne. 15 zuwa 30 matsakaici. Sama da 30 ya yi tsanani. Na Kawu yana cikin na ƙarshen. Ciwon na da hannu a hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga haɗarin mota, wanda duk lokacin da na tuna shekarun da ya yi a kan sitiyari sai tsikar jikina ta tashi. Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 na ɗauke da shi a duniya. A wurinmu dai sunansa minshari, abin tsokana ne.

Ya dawo da na'urar da ake kira CPAP: ɗan akwati mai hura iska, doguwar tiyo, da takunkumi da ke rufe hanci kaɗai, mai leɓen roba mai laushi da maɗaurai da ke zagaya ƙeya. Iskar ce ke tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ƙarfinta tsakanin 4 zuwa 20 ne a ma'aunin santimita na ruwa, kuma tayar ƙaramar mota na ɗaukar ninki ɗari na mafi ƙarfin. Da na ji haka sai na raina abin. An nuna wa Kawu yadda ake sawa a can, amma cikin Faransanci da Larabci mai sauri, ga gajiyar hanya. Ya iso gida ya ajiye jakar gabana ya ce, "Ɗan nan, kai ne mai harkar iska. Duba mana."

Kuskurena na farko, a zaune na gwada masa, yana kan tabarma, na'urar a kashe. Ya zauna daram. Da dare ya kwanta, kumatu suka zame, iska ta fara feso masa ido. Na ja maɗauran. Washegari ya ce har yanzu, na ƙara ja. Ban san cewa leɓen robar nan an yi shi ne don iskar na'urar ta shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi ya kwanta a kan fata ba. Idan ka matse shi ya lotse, babu inda zai kumbura, sai ya naɗe ya buɗe sabuwar kafa, ƙashin robar mai tauri kuma ya hau karan hanci. Wato duk jan da nake yi ƙara yoyon nake. Karan hancin Kawu ya yi ja, ya saluɓe, ya zama gyambo ɗan ƙarami mai zafi. Na shafa masa basilin. Maiƙon ya sa takunkumin santsi, ya riƙa zamewa, na sake ja.

Na biyun shi ne wanda har yau nake jin kunyarsa. A gaban takunkumin, kusa da inda tiyo ke shiga, akwai 'yan ramuka ƙanana a jere. Na kai bayan hannuna wurin na ji iska na fita ba ƙaƙƙautawa. Na ce ai ga ɓarakar nan, an sayar wa tsoho kaya mai huji. Na ɗauko baƙin salatif na wayar lantarki na rufe mafi yawansu, na bar kaɗan don kawai salatif ɗin ya ƙi kama gefen. Ƙarar ta ragu, na tafi na kwanta da jin na yi aiki.

Inna ce ta fara magana. Ta same ni a rumfa ta ce, "Tunda ka manna abin nan kawunka ke tashi da ciwon kai, kuma cikin dare fizge shi yake yana haki." Na ce mata sabo ne bai yi ba, kowa da haka yake farawa. Ga Kawu kuwa har wa'azi na yi. Na ce, "Kawu, kun kashe kuɗi kun yi wannan doguwar tafiya, ku daure mana." Ya dube ni bai ce komai ba. Mutumin da ya kwana cikin rairayi da mota a lalace ba sau ɗaya ba, ni nake koya masa dauriya.

A garin nan akwai bayanin da ke jiran duk ciwon da aka rasa kansa. Arewa da mu, a In Ekker, akwai dutsen Taourirt Tan Afella inda Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya 13 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1961 da 1966. A gwajin 1 ga Mayu 1962, wanda suka sa wa suna Béryl, ramin bai riƙe ba, ƙura mai guba ta fito ta bazu. Abzinawan yankin suna da dalilin zargin dutsen, sun ga abin da suka gani, kuma har yau maganar sharar da aka bari ba ta mutu ba tsakanin Aljeriya da Faransa. Don haka da maƙwabta suka zo dubiya wani ya ce ciwon kan nan ai iskar dutse ce, sai na gyaɗa kai da sauri. Na karɓi maganar ne don ta ɗauke ido daga kaina. Na ɗauki masifar da ta samu mutane da gaske na lulluɓe salatif ɗina da ita.

Asirina ya tonu ne ta waya. Na'urar tana rubuta awoyin da aka yi amfani da ita, kuma ma'aunin da aka saba bi shi ne aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Ma'aikaciyar wurin da aka sayi na'urar ta kira don bin sawu, aka karanta mata abin da ke kan allon, ta ji Kawu bai ko kusa ba. Ta ce a kira ta da bidiyo. Taubashina, ɗan Kawu da ya yi makaranta a nan, shi ne tafinta. Ta ce a nuna mata takunkumin. Tana ganin baƙin salatif ta ɗaga murya, ban buƙaci tafinta ba.

Ramukan nan da gangan aka yi su. Tiyo ɗaya ce, iska ta cikinta take zuwa, numfashin da mutum ya fitar ba shi da wata hanyar fita sai ta ramukan. Iskar da nake ji tana fita ba tsayawa ita ke wanke gurɓataccen numfashi, wato kabon dayokside, daga cikin takunkumi. Ka toshe su, mutum ya riƙa shaƙar abin da ya fitar. Ciwon kan safe ke nan, hakin ke nan. Ta ce abin da ya taimaki Kawu shi ne takunkumin na hanci ne, bakinsa a buɗe yake idan ya matsu, sannan akwai 'yan ramukan da suka tsira. Ta tambaya wa ya yi wannan aiki. Ɗakin ya yi tsit. Na ce ni ne.

Ba ta tsaya yi mini faɗa ba, ta sa muka sake komai tana kallo. A kwance duk maɗauran. Kawu ya wanke fuska da sabulu, kada a shafa ko man kaɗanya, don maiƙo na hana roba kamawa, basilin kuma yana lalata ta. Ya kwanta yadda ya saba kwanciya, da matashinsa. A kunna na'ura. A ɗora takunkumi, a ɗan ɗaga shi daga fuska iska ta cika leɓen, a sake shi ya zauna da kansa. Sannan a ja maɗauri kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai, a tsaya da zarar fesowar ta daina, yatsa na iya shiga ƙarƙashin maɗauri ba da faɗa ba. Idan ya yi yoyo cikin dare, a ɗaga a sake ajiyewa, kada hannu ya tafi ga maɗauri. Ta sa aka auna hancin da ɗan kwalin awo da ke cikin jakar, wanda na ɗauka takardar talla ce, aka ga leɓen da na zaɓa ya yi masa girma, shi ya sa yake hawa kusa da ido. Akwai ƙaraminsa a jakar, ko ledarsa ba a yage ba. Ta ce ɗan yoyo kaɗan ba komai ba ne, na'urar na cike gurbinsa. Wanda ke shiga ido ko ke tada mutum shi ake gyarawa. Gyambon kuma a bar shi ya warke, kafin nan ta aiko da irin takunkumin da ke zama a ƙofar hanci kawai ba ya taɓa karan.

Daga baya taubashin nawa ya karanto mini tarihin abin, don ya ƙara samun na tsokana. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fara gwada shi a Sidni a 1980, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1981. Takunkuman farko da gam na asibiti ake manna su a fuska kowane dare. Na ce to ka gani, shi ma faci ya fara. Ya ce e, amma shi ya bar wa numfashi hanyar fita. Tun daga ranar Likita yake kirana, har a gaban masu kawo taya.

Na sami Kawu bayan sallar la'asar na durƙusa na ce, "Kawu, ku yafe mini. Ciwon kan nan da gyambon nan duk aikina ne, kuma da kuka yi ƙorafi na ce rashin haƙuri ne." Ya ce salatif bai dame shi ba, wanda bai sani ba ya fi wanda ya ƙi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne shi da hancinsa ya ce yana shaƙewa, matarsa da ke kwana kusa da shi ta faɗa, na zaɓi in yarda da bayan hannuna. Ya ce in je in ba Inna haƙuri, ita na ƙaryata. Na je. Ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ta ci gaba da tankaɗenta, amma ta ɗau lokaci kafin ta sake aiko mini da tuwon dare.

Sauran wahalhalun na ƙasar ne. In Amguel na kan tudu, kusan mita dubu sama da teku, a gefen duwatsun Ahaggar, iskarta busasshiya ce ƙwarai. Ba banza Abzinawa ke rufe hanci da baki da amawali ba. Na'ura na tura wannan busasshiyar iskar cikin hanci dare guda, sai hanci ya bushe ya toshe, wani lokaci har haɓo, mutum ya koma numfashi da baki, iskar ta bi ta nan ta fice. Maganinsa ɗan tankin ruwa ne da ke jikin na'urar, yana ɗumama ruwa ya jiƙa iskar. Amma da hunturu, lokacin da sanyin dare ke kusa daskarar da ruwa a buta, tururin kan koma ruwa cikin tiyo ya gangaro wa mutum fuska. Inna ta ɗinka wa tiyon riga da tsohon bargo, muka sauke na'urar ƙasa da gado don ruwan ya koma tanki. Matatar iskar kuwa, wadda a wani gari takan yi wata da watanni, a nan guguwar ƙura ɗaya ta ishe ta.

Ruwan rijiyarmu na barin farin gishiri a gindin tankin. Ina da jarkar ruwan batir a rumfa, na san shi ma tatacce ne, har na ɗauko. Na ajiye, na sa taubashina ya kira matar nan. Ta ce kada in kuskura, ba don huhun mutum aka yi shi ba, kuma ba a san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba. Yanzu daga kantin magani a Tamanrasset muke saye, duk direban da zai hauro mu ba shi saƙo.

Gyangyaɗin rana ya ragu sosai, likitansa ma ya ce jinin ya fara jin magani. Abin da ya rage shi ne gashin baki. Leɓen robar na ƙasa a kansa yake zama, iska na bi ta tsakanin gashin tana fito. An ce ya rage shi, ya rage kaɗan, ya ce iyakarsa ke nan. Inna ta ce fiton bai kai minshari ba, a ƙyale shi.