Teburin mashin sassaƙa

Kowane yaro a Maraɗi ya san ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta. Sai an sa kafaɗa an tura ta. Idan hunturu ya zo, ƙofar nan ce dai take rufuwa salin-alin, har a ga tsaga a jikinta, ƙura tana shiga. Ba wanda ya taɓa ta. Katakon ne ya sha laimar damina ya kumbura, sa'an nan iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke.

Ni gidan kafintoci aka haife ni, a Tibiri, amma ban san nauyin wannan magana ba sai da yayana ya sayi mashin sassaƙa. Mashin ɗin ana ce masa CNC. Mutum yana zana abin da yake so a kwamfuta, fure ko suna ko adon ƙofa. Wani ƙaramin ƙarfe mai kaifi yana juyawa da sauri, yana bin zanen, yana sassaƙa katako. A Amurka aka fara gwada irinsa, a 1952, kuma a lokacin ƙarfe yake yanka. Na yayana ƙarami ne. Kuɗin da ya tara shekara da shekaru ya zuba, har da na shanu biyu. Sai mashin ya zo babu tebur. Shi zai yi masa.

Kuna iya cewa, kafinta ne zai rasa tebur? Ai wannan ba teburin cin abinci ba ne. Mashin ba ya gani. Idan aka ce masa ya nutsa milimeta 2, milimeta 2 zai nutsa, daga farkon allo har ƙarshensa. In teburin ya yi tudu a tsakiya, sassaƙar ta yi zurfi a nan. In ya yi kwari a gefe, bakin ƙarfen ya wuce a iska bai taɓa kome ba. Ƙofar mutane ta lalace, katakon kuwa kai za ka biya.

Ga kuma inda shagon yake. Yana gangare, wajen Gulbi, inda ƙasa ke riƙe danshi. Tsofaffi suna ba da labarin ruwan 1945 da ya ci tsohon garin Maraɗi, har aka tashi aka koma kan tudu. Yayana bai samu haya a tudu ba. Da damina, bangon shagon yakan yi sanyi, gishiri ya jiƙe a cikin kwano.

Babanmu ya ce a yi da jan katako, irin wanda ake kawowa daga Najeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Issa.

Ya ce: "Teburina na jan katako ya girme ka, har yau bai karye ba."

Yayana ya ce: "Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma a bari mu auna."

Muka ɗauki wani falanki mai faɗin santimeta 30 a watan Janairu, muka aje. Da Agusta ta yi muka sake aunawa. Ya ƙaru da wajen milimeta 4, ya kuma ɗan lanƙwashe kamar ƙoƙo. Tsawonsa kuwa yana nan yadda yake. Haka itace yake: ta faɗi yake kumbura, ba ta tsawo ba. Ga mai aiki da hannu wannan ba kome ba ne, domin idonsa da hannunsa suna gyarawa. Baba ya dubi ma'auni, ya yi shiru, can ya ce: "To, abin naku na zamani ba ya da haƙuri."

Ni ina ganin ba laimar kaɗai ce matsalarmu ba. A bakin teku, kamar Kwatano ko Legas, iska tana da laima kusan duk shekara, katako ya sha ya zauna. Mu a nan wata uku ko huɗu ne na ruwa, sauran fari. Katako kullum yana kan tafiya, ya je ya dawo.

An kawo shawarar giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara ba ta yin sumul. Ƙirya tana da tauri, ita ake sassaƙa turmi da ita, sai dai ina za a samu mai faɗin tebur? Alminiyam ba ya tsatsa, ba ya shan ruwa, amma da muka ji kuɗinsa sai muka bar zancen.

A ƙarshe yayana ya raba aikin gida uku. Ƙafafu da firam, ƙarfe ne. Wani mai walda ya haɗa su. Ƙarfe bai san damina ba. Zafi ne kawai ke miƙa shi, shi ma kaɗan: mita 1 na ƙarfe, in zafi ya ƙaru da digiri 20, bai fi rubu'in milimeta yake ƙaruwa ba. Abokin gabansa tsatsa ce, don haka muka shafa masa fenti sau biyu. Gara kuwa ba ta da abin ci a nan.

A kan ƙarfen aka ɗaure filawud mai kauri. Ku duba gefen filawud, za ku ga bawo-bawo ne aka manne, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In wannan ya so kumbura, na kusa da shi ya riƙe shi. Mun shafe shi da fenti sama da ƙasa, musamman gefuna, domin ta nan ruwa ya fi shiga.

Na ukun shi ne ya ba Baba dariya. Allo ne na garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, sunansa MDF. Sumul yake. Amma in ya jiƙe sai ya tashi kamar burodi, ba ya komawa daidai. Yayana ya san haka ya sa shi a sama. Allon sadaka ne, a kansa ake yanka, shi ke ɗaukar rauni. Sau biyu a shekara, in ruwa ya zauna da kuma in hunturu ya shiga, yakan sa mashin ya kankare fuskar allon duka, kamar rabin milimeta, ta koma daidai. In ya yi siriri a cire, a sa wani.

Aikin farko da aka yi a kan teburin allon suna ne, na wasu masu noman zogale a Jiratawa. Haruffa 19 ne, da ganye a kowane gefe. Baba ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya fi wani zurfi. Da ya gama, sai ya tambayi nawa aka biya.